Lakar Fadamar Yaya Haruna

Tun da na dawo ƴan fadarmu ta hira suka hana ni shan shayi cikin natsuwa. Wannan ya ce, "Lawali, yaya ka baro Najeriya?" Wancan ya ce, "An ce har Funtuwa ka kai, mi ka gano?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in kurɓe shayina in tashi. To, na gaji da tambaya. Zan faɗa sau ɗaya, daga fita har dawowa, wanda bai ji ba ya nemi wanda ya ji. Sai dai kada kowa ya gyara zama yana jiran dariya, don tafiyar ba ta yi daɗi ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu uku mahaifinmu ya bari a nan Madarumfa. Yaya Haruna ne babba, manomi ne na gaske. Sai ni, mai gyaran motopompi, injin ban ruwan lambu. Sai ƙanwarmu Rabi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da ɗan lambu kusa da tabki. Lambun nan shi ne cinta, shi ne suturar yaranta. Tumatin da take cirewa da rani shi ke kai su har damina ta faɗi.

Kun san ƙasar lambunanmu, jigawa ce, rairayi zalla. Ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ya tsotse. Shi ya sa tun kakanni, in an kawar da amfanin damina, akan ɗaura amalanke a je fadama a saro baƙar laka, a farfasa ta, a cakuɗa da rairayin kowane fangali don ya riƙe ruwa. A duk unguwarmu babu laka irin ta fadamar Yaya Haruna, kuma bai taɓa hana kowa ɗiba ba. Da daminar bana, da yake samarinsa duk sun tafi cirani ba mai kama masa noma, ya je Katsina ya sayo gwangwanin irin tumati da famfon feshi da maganin ciyawa, ya fesa maganin a masarar da ya shuka a fadamar. Masara ta tsaya fes babu ciyawa ko ɗaya, har mutane na zuwa kallo. Ruwa ne dai ya ɗauke da wuri, ƙasar ta bushe ta tsattsage tun kafin a karya masarar.

Da sanyi ya shigo Yaya ya zuba laka a lambunsa kamar kullum, ya dasa tumati. Shuka ta kama, ta yi ƴan kwanaki tana kyau, sai ganyen ya fara rawaya daga gefe, ya ƙone, ya zube. Ya sake dasawa, aka maimaita. Maƙwabtansa biyu ma haka. Nan fa magana ta tashi. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce an binne masa wani abu. Mushen noma, wato malamin gona, ya zo ya duba, ya ce shi bai ga ƙwaro ba, bai ga cutar da ya sani ba, a ɗauki sauran irin da ƙasar wurin a kai inda aka sayo iri a tambaya.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, renon da Rabi ta yi daga gwangwanin irin nan ne. Ita ba ta riga ta dasa ba, don injinta yana hannuna ina gyara. In irin ne ba shi da kyau, ta dasa, ta yi asarar rani ɗungurungum. In kuwa lafiya yake, ta ƙi dasawa, lokaci ya wuce. Don wannan tambaya kaɗai na yi tafiyar: Rabi ta dasa ko kada ta dasa.

Na ɗebi ƙasar lambun Yaya a leda ɗaya, ta lambun Rabi a wata, na jefa su a buhu tare da gwangwanin iri. Yaya ya raka ni bakin hanya. Muna jiran kabu-kabu, babur ɗin haya, ya ce da ni, "Yarinyar nan tana ba ni tausayi, Lawali. Tun rasuwar mijinta lambunta bai ga laka ba. In na samu sarari bana sai na zuba mata." Na ce, "Allah ya ba da iko, Yaya." Na hau moto muka kama hanyar Ɗan Issa.

A Ɗan Issa na yi canji, na shiga motar Katsina. Kusa da ni wata Hajiya Zulai ce, mai kai cukui, wato cukun nono, da busasshen zogale kasuwa, mace mai jiki da baki. Tun kafin direba ya tayar da mota ta san sunana da sunan unguwarmu da abin da ke buhuna. Ta ce, "Ƙasa? Ƙanena, kowa na tsallaka iyaka da abin sayarwa, kai ka ɗauko turɓaya. Can babu ne?" Na juya wajen taga, raina a ɓace yake.

A kan iyaka, wajen namu ba a daɗe ba, aka duba katin kowa muka wuce. Bayan mun tsallaka ne, a wani shinge, wani mai kaki ya taɓa buhuna ya ji nauyi.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙasar me?"

"Ƙasar gona."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira abokan aikinsa. Ashe sun ɗauka daga wajen haƙar zinariya na fito. Aka sauke ni, aka kawo kwano da buta, aka ɗebi ƙasar Yaya aka shiga wankewa ana karkata kwanon wajen rana. Ina tsaye ina kallon abin da na ɗauko tun daga gida yana bin ruwa yana zubewa, zuciyata na tafasa, amma wa ya isa ya yi magana. Sai Hajiya Zulai ta leƙo ta taga ta ce, "Haba ranka ya daɗe! Dubi takalmin da ke ƙafarsa. Don Allah mai zinariya ne zai sa wannan?" Suka duba takalmina gaba ɗaya suka tuntsire da dariya, aka miƙo mini buhuna. Ta cece ni, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga Jibiya zuwa Katsina ba nisa, shingaye ne dai ba iyaka. Akwai inda kowa a motar ya yi tsit, har Hajiya Zulai. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, rumbuna babu jinka, babu ko kaza. Direba ya ce a hankali, "Sun tashi tun bara." Ba wanda ya tambaye shi dalili, kowa ya sani. Wata tsohuwa a baya ta yi ta jan casbi har muka ga gine-ginen birni.

A tashar Katsina na sauka, na yi sallama da Hajiya, na tsaya sayen ruwa. Na sa hannu aljihu in kira Yaya in ce na iso, na ji wayam. Salulata, wayar hannuna, ta tafi. Na laluba gaba, na laluba baya, na zazzage buhu a tsakiyar tasha kamar mahaukaci. Wani mai shayi ya ce, "Baƙo, yi haƙuri, ta yi gaba." Duk lambobin mutanen gida suna cikinta, kuma a zamanin nan wa ke haddace lamba? Ni dai tawa kaɗai na sani.

Da tambaya na gano shagon da Yaya ya yi sayayya. Mai shi Alhaji Mudi, dattijo ne mai furfura a gemu. Da na ajiye gwangwani na ce irinsa ya kashe mana lambu, sai ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam, ka iya bakinka. Irin nan na sayar wa mutanen Ajiwa, ga tumatirinsu can ya fara fure." Ni ma na ɗaga murya, har mutane suka fara taruwa. Da na ambaci Rabi da marayunta sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce in zauna, ya aika aka kawo mini abinci. Ya buɗe ledojin ya murza ƙasar a yatsa, ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san ƙasa ba, amma yayar matarsa a Funtuwa, Malama Hadiza, aikin binciken ƙasa ta yi har ta yi ritaya, kuma har yau manoma na bin ta gida.

A zaurensa na kwana. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Da safe aka kawo mini shayi a wani ƙaton kofi kamar na alwala, fari fat da madara, da burodi rabin hannu. Na ce a raina, wannan ai kunu ne. Mu da muke zama a kan gawayi mu jira na fari mai ɗaci, da na biyu, da na uku, muna hira, su sai su kwankwaɗe a tsaye su wuce kasuwa. Komai nasu da sauri ne.

Motar Funtuwa an cusa mu kamar buhunan albasa, mutum biyu a kujerar gaba. Direba ya ce ta Kankiya da Malumfashi za mu bi, ɗaya hanyar ba a shigarta yanzu. Bayan Kankiya taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin wata ɗorawa. Nan na lura ƙasa ta canja, ta zama ja mai danƙo, kuma gonaki a share suke tas, gefen hanya ciyawa ta ƙone ja kamar an bi ta da wuta. Wani fasinja manomi da muka zauna tare ya ce feshi ne. Ya ce, "Wa ke duƙawa da fartanya yanzu? Buhun masara nawa za ka samu da hannu?" Na tambaye shi, "To tafasa fa, da yaɗiya, da gasaya, waɗanda ke fitowa cikin gona? Da mi matanku ke kwaɗo?" Ya yi dariya ya ce a kasuwa suke saye, daga wajenmu ake kawowa. Abin ya ba ni mamaki. A wurinmu abin da namiji ke kira ciyawa, rabinsa cefanen mace ne.

Na isa gidan Malama Hadiza bayan azahar. Ban ɓoye muku ba, da na ga mace ce ke zaune a kan kujera, manoma masu gemu suna tsugune suna jiran layi, sai da na ji wani iri. Ta kai shekara sittin, da tabarau, ba ta da yawan fara'a. Da layi ya zo kaina ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta zuba ƙasar Rabi a faranti, ta zuba ta Yaya a wani. Ta ce, "Wannan baƙin da ke cikin ta yayanka fa?" Na gyara zama na ba ta labarin laka da amalanke, ina alfahari. Ta gyaɗa kai ta ce, "Dabara ce mai kyau. Kakanninku sun san abin da suke yi."

Na zaci wani inji za ta ɗauko. Sai ta sa aka kawo gwangwanayen madara guda biyu, ta huda gindinsu, ta cika ɗaya da ƙasar Yaya, ɗaya da ta Rabi, ta tura ƙwayar wake a kowane, ta yayyafa ruwa. Irin tumatin kuma ta shuka shi a tata ƙasar. Na ce, "Malama, wake? Tun daga Nijar na taso don a shuka mini wake?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Injin da kake so yana nesa, kuma ba za ka iya kuɗinsa ba. Wake ba ya jure abu, in akwai matsala a ƙasar zai nuna. Ka aika gida a dakata da dashe har ka koma." Ta kira Alhaji Mudi a waya, shi kuma ya ce zai ba wani direban Ɗan Issa saƙon, wanda ya san Yaya.

Kusan mako biyu na yi a garin nan ina gadin gwangwani. An ba ni wani ɗaki kusa da ma'ajiyar taki, warinsa har cikin tufafina. Kullum tuwon masara, safe da yamma, har na fara mafarkin gero. Na nemi hura a kasuwa, aka ba ni wasu ƴan ƙananan curi da nono tsararo, aka zuba sukari kamar za a ba yaro. Na sha don dole. Da zaman ya ishe ni na kwance injin ban ruwan Malama da ya daɗe a ajiye, na gyara mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai a garin shi ne robobin maganin feshi. Ko'ina ka duba ga su, an wanke ana zuba man gyaɗa, ana zuba ruwan sha, har a masallaci na ga an yi buta da ɗaya. Na yi wa Malama maganar, ta ce ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

Waken ya tsiro a gwangwani biyun lokaci guda, kore shar. Irin tumatin ma ya fito lafiya. Na yi murna, na fara haɗa kaya. Malama ta ce in ƙara haƙuri ganyen gaske ya fito. Ya fito. Na Rabi ya ci gaba da miƙewa. Na Yaya kuwa, wata safiya na duba na ga gefen ganyen ya yi rawaya. Na san wannan rawayar, na gan ta a lambu. Kafin jibi ganyen ya ƙone ya naɗe.

Malama ta ɗaga gwangwanin ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wannan ba cuta ba ce. Maganin ciyawa ne, irin wanda ake yi wa masara."

Na ce, "A'a Malama! Ba a taɓa feshi a lambun nan ba, ko sau ɗaya. Na rantse."

"Na yarda. Lakar fa, daga ina aka ɗebo ta?"

"Daga fadamar Yaya."

"Me aka shuka a fadamar da damina?"

Na ce masara, sai na tuna famfon feshin nan. Na ce, "Amma ai tun farkon damina ya yi feshin. Wata nawa ke nan! Maganin da aka fesa tun ana shuka, shi ne zai tashi da sanyi ya kashe tumati?"

Ba ta yi musu da ni ba. Ta sa aka kawo mata zoɓo a kofi da tsumma biyu. Ta ɗaure rairayi a ɗaya, ta ɗaure laka a ɗaya, ta zuba zoɓon a kan kowane. Na rairayi ya zubo nan take, ja wur kamar yadda ya shiga. Na laka ya daɗe kafin ya fara ɗiga, kuma da ya ɗigo jan ya ragu. Ta ce, "Ina sauran jan ya tafi?" Na ce yana cikin lakar. Ta ƙara ruwa fari a kai, sai ga shi yana fitowa da ɗan ja-ja, kaɗan-kaɗan.

Ta ce, "To haka maganin yake. Rairayi ba ya riƙe shi. Ka fesa a jigawa, ko ya ƙone shukar nan take, ko ruwa ya tafi da shi ƙasa, wajen rijiyar da kuke sha. Laka kuwa kama shi take ta ɓoye. A nan wurinmu damina tana da tsawo, ƙasa na daɗewa da laima, akwai ruɓaɓɓen ganye, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani masu cinye shi a hankali. Duk da haka mu ma yakan yi mana ɓarna in an bi masara da wake. Ku kuwa ruwa ya ɗauke muku da wuri. Da lakar ta bushe komai ya tsaya, maganin ya zauna a ciki yadda yake. Kuka sare ta, kuka kai lambu, kuka sa injin ban ruwa safe da yamma. Ruwan ya shiga sako shi daidai wurin saiwar tumatir."

Ta tambaye ni awon da Yaya ya zuba. Na ce Alhaji ya gaya masa irin awon da ake yi a nan, shi kuma ya ƙara kaɗan, don ya ce ciyawar fadama taurin kai gare ta. Ta cire tabarau ta shafa idonta. Ta ce, "Awon ƙasarmu ne aka kai ƙasarku, aka kuma ƙara."

Na ce, "To mi ne ne maganinsa?"

"Lokaci. Da takin dabbobi mai yawa, da ban ruwa. Masara ko dawa za su iya zama a wurin. Tumatir, albasa, latas, wake, kada a kai su bana. Baɗi ma sai an gwada da gwangwani tukuna. Amma ka gode wa Allah, ƙasar ƙanwarka lafiya lau take, irin ma lafiya. Ta dasa abinta. Kawai kada ko dunƙule ɗaya na lakar nan ya shiga lambunta."

A nan ne na tuna abin da Yaya ya faɗa mini a bakin hanya. Malama ta miƙo mini wayarta ta ce in kira gida. Na riƙe ta ina kallo, babu lamba ko ɗaya a kaina. Don ruɗewa na buga tawa, aka ce a kashe take. Ta ce za ta sake kiran Alhaji Mudi ya nemi direban nan. Na ce kafin a same shi na riga shi isa. Na naɗe gwangwanin biyu a leda, na bar tufafina a kan igiya, na yi tasha.

Ban san yadda na yi hanyar dawowa ba. Na kwana a tashar Katsina don motocin iyaka sun daina tashi, da asuba na shiga ta farko. Kowane shinge ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. A shingen nan na bayan iyaka mai kakin ya gane ni, ya leƙa leda ya ce, "A'a, mai zinariya! Yau kuma wake aka koma?" Na yi masa murmushin da bai kai ciki ba. Daga Ɗan Issa na ce wa ɗan kabu-kabu kada ya kai ni gida, ya kai ni bakin tabki.

Tun daga nesa na hango. Lambun Rabi da na bari fari sol da rairayi ya koma baƙi ƙirin daga wannan shinge zuwa wancan. An farfasa lakar, an cakuɗa, an ja kowane fangali tsaf, an ba shi ruwa yana sheƙi. Ban taɓa ganin lambun nan ya yi kyau haka ba.

Yaya Haruna na zaune a gindin zogale, da ya gan ni ya taso da fara'a. Ya ce, "Maraba da mutanen Najeriya! Saƙonka ya iso, ko ɗaya ba mu dasa ba. Sai na ce to zaman banza na mi? Na kira gayya. Amalanke ta yi ta zirga-zirga, kwana biyu muka gama. Kowa ya zo, Lawali, ba wanda ya ƙi. Da za su tafi na ce kowa ya ɗebi tasa ya kai lambunsa."

Rabi ta fito daga bukka da ƙwaryar hura, tana dariya, rabon da in ga haƙoranta tun kafin rasuwar mijinta. Ta ce, "Sannu da hanya Yaya Lawali. Ka ga abin da Yaya ya yi mini? Har zakarana na yanka wa ƴan gayya." Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar. "To yaya, irin lafiya yake? In dasa gobe? Renon duk ya yi tsawo."

Na ce, "Irin lafiya yake, Rabi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi!"

Na kwance leda na fito da gwangwanin biyu na ajiye a gabansu. Na nuna koren na ce wannan ƙasar lambunki ce ranar da na tafi. Na nuna ƙonannen na ce wannan ta lambun Yaya ce, mai laka. Sai na faɗi abin da Malama ta faɗa, da zoɓon, da rairayin, da komai. Ban iya duban fuskar kowa ba, gwangwani nake yi wa magana.

Da na gama, Rabi ta juya ta dubi lambun, ta dubi renonta da ke gefe kore shar yana jiran dashe. Can ta ce, a hankali, "Masara ka ce? Masarar rani ce za ta kai ni damina da yara huɗu?" Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwaryar hurar ta miƙo mini ta ce, "Sha, ka sha hanya." Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Yaya ya ɗauki gwangwanin ƙonannen waken ya juya shi a hannu. Ya ce, "Lakar Baba ce fa, Lawali." Na ce na sani. Ya ce, "Da hannuna na zuba mata." Ya ajiye gwangwanin, ya cire hularsa, ya taka cikin fangali na farko ya durƙusa, ya fara tsince baƙaƙen dunƙulen ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a cikin hular.

Renon Rabi mun rarraba wa waɗanda lakar ba ta kai lambunsu ba, su ba su da yawa. Mun shuka mata masara, ni kuma abin da na samu a gyaran inji muna rabawa. Waɗanda suka zo gayya wasu sun daina gaida Yaya, wasu sun ce ƙaddara ce.

To kun ji Najeriya. Ku kuma masu tambaya mi ya sa Yaya Haruna ya daina zuwa fada, ku bi ta lambun Rabi da hantsi. Za ku same shi a gefen da ba a shuka ba, da rariyar matarsa a hannu, yana tankaɗe ƙasa. Na gaya masa lakar ta riga ta narke cikin rairayi, rariya ba ta raba su. Na gaya masa ya fi a ƙirga. Kullum abu ɗaya yake ce mini: "Bar ni, Lawali. In na zauna, mi zan ce wa yaran?"